Zama da Malami Mai Duba Kundi: Tambayoyin da Ɗaliban Digiri na Biyu da na Uku Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu karatun digiri na biyu da na uku a jami'o'in Najeriya, musamman irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri. Kowace jami'a tana da littafin dokokinta na karatun manyan digirori, kuma duk inda abin da ke nan ya saɓa da abin da ke can, nasu ne abin bi. Ka nemi naka tun makon farko. Yawancin ɗalibai ba sa buɗe shi sai rigima ta taso.

Ni zan zaɓi malamin da zai duba ni, ko sashe ne ke haɗa mu?

A takarda, sashe ne. Kwamitin manyan digirori na sashe yakan zauna ya raba ɗalibai ga malamai gwargwadon fannin kowa, sannan a tura sunayen gaba don a amince. A digiri na biyu galibi mutum ɗaya ko biyu ake ba ka. A na uku, jami'o'i da yawa kwamiti suke kafawa na mutum biyu ko uku, ɗaya ne shugaba, kuma da shi za ka fi gogayya. Wanda zai jagoranci ɗalibin digiri na uku sai ya kasance shi ma yana da digirin, kuma galibi sai ya kai muƙamin babban malami ko sama da haka.

A zahiri kuwa, idan ka riga ka yi magana da wani malami, ya ce a wurin taro "wannan ku bar mini shi", da wuya a hana shi. Wannan ba kamun ƙafa ba ne, matuƙar da batu ka je masa. Ka rubuta shafi ɗaya ko biyu a kan abin da kake son bincika, ka karanta maƙalarsa ko da guda biyu, sannan ka nemi ganinsa.

To wane irin malami ya kamata in nema?

Nan ne ɗalibai suka fi ruɗuwa da suna. Farfesan da ake jin muryarsa a rediyo, mai kujera a kwamitoci uku a Abuja, sunansa zai yi kyau a kan kundinka, amma ganinsa sai an yi da gaske. Sau da yawa matashin dakta da bai daɗe da kammala nasa ba ya fi amfani ga ɗalibi: yana da lokaci, yana tuna wahalar, kuma shi ma yana bukatar ɗalibansa su gama domin ƙarin girmansa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya. Ka shiga laburaren sashe ka ɗauko kundayen da aka kammala cikin shekaru biyar da suka wuce, ka buɗe shafin da masu dubawa ke sa hannu. Sunan wa ke maimaituwa? Wa ke da tarin ɗalibai a ƙofar ofis amma babu sunansa a ko ɗaya? Bayan nan ka nemi tsofaffin ɗalibansa biyu ko uku, ka tambaye su abu guda: idan an ba shi babi, mako nawa yake yi kafin ya dawo da shi? Sakataren sashe da masinja ma sun san wannan amsa fiye da kowa, in ka iya zama da su.

Ka kuma lissafa shekaru. Farfesa a jami'o'in gwamnati yana ritaya ne yana da shekara 70, sauran malamai kuma 65. Wanda ya rage masa shekara biyu ba laifi a digiri na biyu, amma a na uku sai ka tabbatar akwai na biyu a kwamitin da zai iya ɗaukar ragamar.

Wa ke zaɓen taken bincike?

Kai ne, shi kuma ya gyara. Wasu malaman suna da babban aiki da suke yanka wa ɗalibai, musamman a kimiyya da aikin gona da likitanci, inda kayan gwaji da fili nasu ne ko na cibiyarsu. Karɓar irin wannan yana da daɗi, domin an share maka hanya. Amma ka tabbatar za ka iya zama da batun shekara uku ko huɗu ba tare da ya gundure ka ba.

Idan kai ka kawo, ka sa ran zai rage shi. Ɗalibi yakan zo da "tasirin kafofin sada zumunta a kan tarbiyyar matasa a Arewacin Najeriya", malami ya mayar da shi ƙaramar hukuma biyu, kafa ɗaya, shekarun haihuwa ƙayyadaddu. Kada ka ji an raina ka. Tambayar da yake yi wa kansa ita ce, da kuɗin aljihunka da lokacin da kake da shi, za ka iya tattara bayanan nan? A 'yan shekarun nan ma an ƙara wata: wurin da ka zaɓa, ana iya zuwa a dawo lafiya? Firofozal (tsarin binciken da ɗalibi ke gabatarwa kafin ya fara aiki) da yawa sun sha sauyi saboda ƙauyukan da aka tsara zuwa ba sa shiguwa.

Sau nawa ya kamata in riƙa zuwa wurinsa? Zan iya kiransa a waya?

Ku yanke wannan tun a zaman farko, kai ne kuma za ka tayar da maganar: "Ranka ya daɗe, wace rana ce ta fi maka sauƙi in riƙa leƙowa? Kuma ka fi son in bugo aikin a takarda ko in turo ta imel?" Sau ɗaya ko biyu a wata ya wadatar ga yawancin fannoni. Mai aiki a ɗakin gwaji kuwa kusan kullum suna tare.

Waya tana da ladabinta. Saƙo ya fi kira, kuma ka faɗi sunanka da matakin da kake a kowane saƙo, domin ba kai kaɗai yake dubawa ba. Kada ka tura "Salam" kawai ka zauna jiran amsa. Kada ka kira bayan isha'i, kada ka tura saƙon murya na minti shida. Gida kuwa ba a zuwa sai shi ya ce a zo.

Abu ɗaya da ɗalibai kaɗan ke yi, kuma shi ne ya fi komai amfani: bayan kowane zama, ka tura masa gajeren saƙo na abin da kuka tsayar. "Na gode, Malam. Kamar yadda ka ce, zan cire ra'i na biyu, in faɗaɗa bitar ayyukan da suka gabata, in kawo nan da mako uku in Allah ya yarda." Ko bai amsa ba, ka ajiye. Bayan wata shida, idan ya tambaye ka wa ya ce ka cire ra'in nan, ba sai an yi musu ba.

Na ba shi babi yau wata uku, bai ce komai ba. Me zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa. Da farko ka san abin da ke kan teburinsa. Malami ɗaya a jami'ar gwamnati yana iya koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ya duba takardun jarrabawarsu da hannunsa, ya duba furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe, ga 'yan digiri na biyu, ga na uku, ga taron sashe da na tsangaya da na majalisar jami'a, wani kuma yana koyarwa a wata jami'ar ta jiha don albashi ba ya kai ƙarshen wata. Mafi yawan lokaci ba ƙin ka yake yi ba, babinka ne ya nutse a ƙarƙashin na wasu. Wannan bai zama hujjar a riƙe aikin ɗalibi wata uku ba, kuma malaman da ke yin haka sun san ba daidai ba ne. Amma sanin dalili zai gyara maka yadda za ka tunkare shi.

Ka je da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi da sabon kwafi a hannu, domin mai yiwuwa na farkon ya ɓace kuma ba zai so ya faɗa ba. Kada ka buɗe baki da "Malam, har yanzu ba ka duba ba". Ka ce ka zo ne ka ji ko akwai abin da za ka ci gaba da yi kafin ya samu sarari. Sannan ka sauƙaƙa masa: ka nuna shafuka goma da suka fi damunka, ka ce ko waɗannan kaɗai ya duba yanzu za ka samu hanya. Mutumin da shafi saba'in ya tsorata shi zai iya karanta goma kana zaune. Idan akwai ranar da sashe ya sa ta gabatar da semina, ka ambace ta, domin malamai sun fi motsi idan kwanan wata na sashe ne ba na ɗalibi ba.

Kada kuma ka naɗe hannu kana jira. Ka fara babi na gaba, ka gyara manazarta, ka tsaftace bayanan da ka tattaro.

Idan ka yi haka sau biyu ko uku shiru, mataki na gaba shi ne malami na biyu a kwamitinka, ko kodinetan manyan digirori na sashe. Ka je neman shawara, kada ka je kai ƙara. Kodineta mai hankali ya san yadda zai tuna wa abokin aikinsa ba tare da sunanka ya fito a matsayin mai ƙorafi ba. Tsallake waɗannan ka rubuta wa shugaban tsangaya ko shugaban jami'a kai tsaye yakan jawo maka gabar sashe gaba ɗaya, har da waɗanda a zuci suna ganin gaskiyarka.

Ya dawo mini da aikin duk ya sha jan biro. Anya zan iya kuwa?

Ka gode wa Allah ya karanta. Wanda ya kamata ya ba ka tsoro shi ne malamin da ya rubuta "ci gaba" a shafin farko bai taɓa komai ba, domin abin da ya tsallake, mai jarrabawa na waje ba zai tsallake ba.

Ka ajiye aikin kwana biyu zuciya ta huce, sannan ka raba gyaran gida biyu: na rubutu da ƙa'ida, wanda za ka yi ba tambaya, da na tunani, wanda ya shafi hujjarka. Idan a na biyun kana ganin kai ne da gaskiya, kana da damar faɗa, a digiri na uku ma ana sa ran ka faɗa. Sai dai ka zo da madogara, ka kuma sa ta a sigar tambaya: "Allah ya gafarta Malam, na ga wane ya bi ta wannan hanya a aikinsa, ko kana ganin za ta yi a nan?" Idan za ka mayar da gyara, ka haɗa da tsohon kwafin mai jan biro. Malamai da yawa ba sa karɓar sabo sai da shi.

Masu duba ni biyu ne, wannan ya ce in sa, wancan ya ce in cire.

Kada ka zama ɗan aike tsakaninsu, kada kuma ka ce wa ɗaya "ai Dakta wane ya ce ba haka ba ne". Ka roƙi shugaban kwamitin ya haɗa zama ɗaya na ku uku, ko na minti ashirin ne. In hakan ya gagara, ka rubuta ra'ayoyin biyu a saƙo guda ka tura musu tare, ka nemi su ba ka matsaya. Idan an rasa daidaito, maganar shugaban kwamiti ce ke sama. Wani lokaci saɓanin ya girme ka, tun kafin ka shigo jami'ar suke yin sa. Ba kai za ka sasanta su ba.

Shekara nawa zan yi?

A takarda, digiri na biyu shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne ga mai karatu na cikakken lokaci, na uku kuma aƙalla uku. A ƙasa, ka ƙara. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Duk wanda yake tsakiyar bincike a lokacin ya san abin da hakan ya yi masa: ba semina, ba kare kundi a gaban masu jarrabawa, ba zaman majalisar jami'a.

Wasu jinkirin kuma daga yanayin aikin suke. Mai gwajin shuka a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, idan damina ta wuce shi bai shuka ba, sai wata shekarar, ga shi galibi ana son a maimaita gwajin fiye da damina ɗaya. Mai bincike a kan marasa lafiya ba zai taɓa ko mutum ɗaya ba sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin koyarwa ko na ma'aikatar lafiya ya ba shi izini a rubuce, wannan kuma yana cin makonni. Ɗalibin tarihi zai yi ta zirga-zirga tsakanin Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, wataƙila har Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Duk waɗannan ka sa su a jadawalinka tun farko, ka nuna wa malaminka.

Ka lura da abu biyu: akwai iyakar shekarun da jami'a ke bari, kuma kowace shekara sai ka sabunta rajista ka biya kuɗi ko da babi ɗaya ba a duba maka ba. Wanda ya daina rajista yana jiran malami, ranar da ya gama za a ce ya biya na baya ko a ce ba ɗalibi ba ne.

Ina aiki, ina da iyali. Zai yiwu?

Yawancin abokan karatunka haka suke: malaman sakandare da na kwalejojin ilimi, ma'aikatan gwamnati, matan aure masu goyo. Ka faɗa wa malaminka gaskiyar halin da kake ciki tun farko. Awa ɗaya kullum bayan asuba ta fi jiran hutun ƙarshen shekara da ba ya zuwa yadda aka zata. Idan haihuwa ko jinya ko canjin wurin aiki ya taso, a rubuta takardar neman dakatar da karatu ta hannun sashe. Ɓacewa shiru wata takwas sannan a dawo da "Malam, ka ganni sai yau" shi ne abin da ya fi ɓata tsakanin ɗalibi da mai duba shi.

Akwai inda ake samun tallafin kuɗi?

Akwai, amma bai kai yawan masu nema ba. TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ilimi, tana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman manyan makarantun gwamnati, ta hannun makarantar da mutum yake koyarwa. Idan ba ka cikin waɗannan, ba ta shafe ka ba. Hukumar PTDF, wato asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, tana bayar da tallafi a fannonin da suka danganci man fetur da makamashi. Daga waje akwai irin su DAAD ta Jamus da tallafin Commonwealth. Kusan dukkansu suna neman wasiƙar shaida daga malami, don haka ka ba shi aƙalla mako uku, ka haɗa masa da takardar tarihin karatunka da bayanin tallafin. Sauran kuwa daga aljihu ne: buga takardu, sufuri, sinadarai, kuɗin mujalla.

Ya halatta in kai masa kyauta?

Al'adarmu ba ta son zuwa wurin babba hannu rabbana, kuma ba wanda zai kira tsarabar kilishi ko zuma daga garinku cin hanci. Matsalar tana farawa ne idan kyautar ta zo tare da babi, ko ta zama ambulan, ko ta zama sai da ita ake karanta aiki. A ganina mafi tsafta shi ne ka bari sai an gama komai, sannan ka yi godiyarka yadda ka ga dama. Malamin da ya sa wa sa hannunsa farashi ya karya dokar aikinsa, kuma wanda ya biya sau ɗaya zai yi ta biya.

Yana sa ni aikace-aikacensa. In ƙi?

Ya danganta da irin aikin. Taya shi sa ido a jarrabawa, jagorantar 'yan aji ɗaya a ɗakin gwaji, shirya taron ƙara wa juna sani, duk koyo ne, in kana son zama malami wata rana za su yi maka rana. Kai yara makaranta, zuwa cefane, tsaye a kan ginin gidansa, wannan ba ya cikin karatu. Sau ɗaya bisa larura, mutunci ne. Idan ya zama kullum, ka fara janyewa da uzurin da yake gaskiya: kana ƙoƙarin kammala babin da shi ya ce ka kawo.

Dole ne in sa sunansa a maƙalar da na fitar daga kundina?

A kimiyya, injiniyanci, likitanci da aikin gona, al'ada ce a sa, domin galibi da tunaninsa da kayan aikinsa aka yi. Kai ne na farko tunda kai ka yi aikin. A fannonin harshe, adabi da tarihi an fi ganin mutum shi kaɗai, ko da yake yanzu haɗin gwiwa na ƙaruwa. Ku yi maganar kafin a rubuta, ba bayan an karɓa ba. Abin da ba shi da kyau ko a ina shi ne a fitar da maƙala daga kundinka babu sunanka, ko a cusa sunayen mutanen da ba su san ma me aka rubuta ba.

Jami'o'i da yawa yanzu suna son ɗalibin digiri na uku ya buga maƙala kafin a ba shi ranar kare kundi, wannan ya sa mujallun bogi suka samu kasuwa. Alamarsu a fili take: su ne ke turo maka imel suna roƙo, su karɓi aiki cikin kwana uku ba gyara, su nemi dala. Kafin ka biya ko sisi, ka duba ko mujallar tana cikin rumbunan mujallun ilimi na intanet irin su Scopus ko AJOL, ka kuma tambayi sashe ko suna amincewa da ita.

Turnitin, ChatGPT, da masu rubuta wa mutane kundi fa?

Jami'o'i da dama suna sa kundi a manhajar gano kwafe ta Turnitin ko makamanciyarta kafin a wuce da shi, kowace kuma da adadin kamanceceniyar da take yarda da shi. Manhajar kamannin jimloli take nunawa, ba ita ke yanke hukunci ba. Sauya kalmomi don a ruɗe ta bai hana abin zama satar fasaha ba. Maganin shi ne ka karanta, ka rufe littafin, ka rubuta da bakinka, ka faɗi inda ka samo. Manhajar Zotero kyauta ce, za ta riƙe maka manazarta tun daga ranar farko.

ChatGPT da 'yan'uwanta suna taimakawa wajen gyaran Turanci ko fahimtar wani lissafi, amma suna ƙirƙiro sunayen littattafai da maƙalun da babu su a duniya, da marubuci da shekara da lambar shafi. Malami ɗaya ya nemi guda ya rasa, ya daina yarda da sauran aikinka. Ka tambayi malaminka iyakar abin da ya yarda da shi.

Masu shagunan bakin ƙofar jami'a da ke cewa "kawo take, ka zo ka karɓi babi biyar" kuwa, ba za su tsaya maka ranar kare kundi ba. Tambaya biyu a kan yadda ka zaɓi mutanen da ka yi hira da su ta isa ta tona asiri.

Ni mace ce, mai duba ni namiji. Yaya zan kiyaye kaina?

Mafi yawan malamai mutanen kirki ne masu tsare mutuncinsu, kuma irin waɗannan su da kansu suke barin ƙofa a buɗe. Ki tsayar da haɗuwa a ofis, a lokacin aiki. Saƙonninki su tsaya a kan aiki. Idan aka ce ki kawo babi otal ko gida da dare, kina da damar cewa za ki kawo ofis da safe, ko ki zo da abokiyar karatu. Matar aure kan samu sauƙi idan maigidanta ya zo sun gaisa da malamin sau ɗaya tun farko.

Idan magana ta fara sauya launi, kada ki goge komai. Ki ajiye saƙonni, ki rubuta rana da wuri, ki faɗa wa wata malama da kika amince da ita. Jami'o'i da yawa suna da kwamiti ko doka a kan cin zarafin ɗalibai, kuma hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana karɓar irin wannan ƙara. A Disambar 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu a kan neman lalata da ɗalibarsa don maki, kuma muryarsa da aka naɗa a waya ce ta fara tona shi. Kunya da tsoron "me za a ce" su ne abin da masu wannan hali suka dogara da shi.

Zan iya canza malami?

Za ka iya, kuma littafin dokoki ya faɗi yadda ake yi: takarda zuwa ga shugaban sashe, kwamiti ya duba, makarantar manyan digirori ta amince. Idan dalilin a fili yake, kamar ritaya, rasuwa, doguwar jinya, hutun shekara na bincike, ko an ba shi kwamishina ya koma gidan gwamnati, abin ba ya wahala, sai dai kada ka jira sashe ya tuna da kai, ka rubuta da wuri. Idan kuwa rashin jituwa ne, ka yi tunani sau biyu. Sashe ƙaramin wuri ne, wanda ka bari yana iya zama cikin masu yi maka tambayoyi a semina, sabon kuma yana iya cewa a koma babi na ɗaya. A takardar kada ka zargi kowa, ka ce alkiblar binciken ta fi kusa da fannin wane. In da hali, tsohon malamin ya ji daga bakinka kafin ya gani a takarda.

Ranar kare kundi, malamina zai kare ni?

A'a. Zai zauna a ɗakin, amma yawanci ba ya amsa tambaya a madadinka. Taimakonsa kafin ranar ne: ba zai sa hannu a tura aikin ba sai ya gamsu, kuma kana iya roƙonsa ya haɗa maka gwaji da wasu malamai ko manyan ɗalibai. Kafin a kai nan ka riga ka wuce kare firofozal, da semina ɗaya ko fiye, da karewa ta cikin gida. Ta ƙarshen ita ce wadda ake gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a.

Ka san kundinka shafi-shafi, ka zo da kwafinka mai alamomi. Tambayoyin da ba sa wuce kowa su ne: me ka gano wanda ba a sani ba, me ya sa ka bi wannan hanya ba waccan ba, kuma ina raunin aikin yake. Idan an nuna maka kuskure na gaskiya, ka karɓa ka rubuta. Ka roƙi wani abokinka ya zauna yana rubuta duk gyaran da aka ambata, domin kai a lokacin rabin abin da aka faɗa ba zai zauna maka ba.

An ce na ci, da gyare-gyare. Shi ke nan na zama Dakta?

'Yan'uwa za su fara kiran ka da shi tun a harabar sashe, amma da saura. Za a ba ka wa'adin kammala gyaran, ƙanana makonni, manya watanni. Ka yi jadawali mai nuna kowane gyara da shafin da aka yi shi, ka kai wa mai jarrabawa na cikin gida da malaminka su tabbatar su sa hannu. Daga nan sai ɗaurin kundi da irin launin bango da yawan kwafin da jami'a ta ƙayyade, sai takardun wanke kai daga laburare da ofishin kuɗi, sai sakamakon ya bi ta hukumar makarantar manyan digirori zuwa majalisar jami'a. Sai majalisa ta amince digiri ya tabbata. Fayil yakan kwana a wani tebur a wannan tsakanin, don haka ka riƙe kwafin duk takardar da aka sa wa hannu, ka kuma riƙa leƙa kodineta kana tambayar ko sunanka ya shiga jerin zama mai zuwa.